Murfin Tanki

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa Gombe, kowa yana sayen sabuwar mota, kawuna kuwa ya sayi tsohuwar a-kori-kura wadda ta gaji da jigilar auduga. Falken shanu ne, kuma a ganinsa wanda ya iya kiwon garke ba abin da injin zai koya masa. Ya ɗauki wani dattijo direba, mai 'ya'ya bakwai, wanda duk unguwar Dawaki ake kira Baba Direba.

Wata uku motar tana tafiya lafiya, sai ta ɓullo da wani hali. Da safe ta tashi garau. Da an yi nisa kaɗan a hanyar Kumo sai ta fara tari, tana fizga, a taka totur ta ƙi, daga nan ta mutu. A huta, a leƙa tanki a ga akwai mai, a tayar, ta tashi kamar ba ita ba.

Makanikai suka yi ta shagali. Na farko ya canza fulogai. Na biyu ya zagi na farko, ya wanke kafireto. Na uku ya kara kunne a jikin injin, ya daɗe yana gyaɗa kai, ya ce sai an sauke shi gaba ɗaya. A garejin kowannensu motar lafiya lau take, don ba ta taɓa yin rashin kunyarta sai a daji.

Ni a lokacin akawu ne a ofis, ina da takardar sakandare da biro biyu a aljihu, saboda haka aka kira ni a matsayin masani. Kawu ya riga ya yanke hukunci cewa Baba Direba yana zuƙe fetur ya cika da kananzir. Aka zuba mini man a tafin hannu. Ban san ƙanshin komai ba, amma na shinshina, na ɓata fuska irin ta masu ilimi, na ce lallai akwai gauraye.

Ranar Juma'a, a ƙofar masallacin unguwa, gaban jama'a, Kawu ya karɓi makullin motar daga hannun Baba Direba, ya kira shi ɓarawo. Dattijon ya sa takalminsa ya tafi.

Aka ɗauki sabon direba. A tafiyar farko, ina ciki, ta mutu a daidai inda ta saba. Na sauka don in duba mai. Murfin tankin an naɗe shi da jar fata mai ado, tam, sai da na sa ƙarfi. Da ya buɗe sai na ji tankin ya ja iska, fuu. Sabon direban ya karɓi murfin, ya juya shi, ya tambaya wa ya ɗinke ƙofar iska.

Ashe Kawu ne. Ya ji warin fetur wata rana, ya ce mansa yana guduwa, ya kai wa baduku ya toshe masa murfin kamar yadda ake toshe gorar nono. Mai yana raguwa, iska ba ta shiga, sai injin ya shaƙe. Da tsinken allura aka gyara abin da makanikai uku suka kasa.

Kawu ya ce dama shi ma ya yi wannan tunanin. Ya ba ni goro ƙwarya ɗaya in kai wa Baba Direba, in ce ya dawo aiki, komai ya wuce.

Na same shi a tasha yana kiran fasinja, don ba wanda ya yarda ya ba shi mota tun daga ranar. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duka, kunya kamar ta kashe ni. Ya saurara har na gama.

"Malam akawu, na gode," ya ce. "Amma ni ba a tasha aka ce mini ɓarawo ba. Alhaji, kawun naka, zai faɗi wannan a ƙofar masallaci?"

Na ce zai yi wuya.

"To kai fa? Hancinka ne ya ba da shaida."

Na ce in Allah ya yarda, Juma'a mai zuwa. Ya mayar mini da goron.

Juma'ar ta zo, aka idar da salla, na hango shi tsaye a bakin ƙofa yana jirana. Na bi ta ɗaya ƙofar.