Gawayin da Na Kai wa Yaya

Motata a-kori-kura ce, amma a Abidjan ba mai kiranta haka. Bashe ake cewa, saboda tamfol ɗin da ake rufa wa bayanta. Ƙarama ce. Gabanta mutum uku yake ɗauka har da ni, kuma na tsakiya sai ya raba ƙafafu saboda giya, duk canjin da zan yi sai na bugi gwiwarsa. Bayan kuwa in ka hango shi daga nesa ka ce fili ne, sai ka zo lodi sannan ka ga tudun tayoyin nan biyu sun cinye maka gefe da gefe. Ƙasan bodin ƙarfe ne mai kwari-kwari, duk abin da ya zube a ciki ya samu gida. Akwai ƙugiyoyin ɗaure igiya, akwai murfin baya mai sarƙa biyu da ake saukewa in kaya sun fi bodin tsawo. Shi ke nan motar.

Na daɗe da ita ina kwasar doya da ayaba daga kasuwar Marché Gouro, ina ɗauko dilolin atamfa daga tashar jirgin ruwa zuwa shagunan Adjamé. Karatu ban yi nisa ba, a aji huɗu aka cire ni. Abu biyu aka ce direban bashe ya sani: nauyin da baya zai ɗauka, da wanda ya kamata ya zauna gaba. Na farkon na iya.

Yayana ne ya kawo ni garin nan daga ƙasar Katsina. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya tsaya mini wajen aure. Dogon mutum ne, ba ya son magana. A Treichville yake zaune, ni a Adjamé, ruwa da gada a tsakaninmu.

Wata rana mun tashi daga taron suna, ina da ayaba a baya. Wani Alhaji da nake yi wa jigilar atamfa ya zo da abokinsa, ya buɗe ƙofa suka shige gaba kamar motarsu. Yaya yana tsaye da babbar rigarsa. Maimakon in buɗe baki in ce Alhaji, wannan wana ne, sai na ce, “Yaya, ko za ka hau baya? Nan da Roxy ne kawai.”

Ya dube ni. Ya ce, “To, direba.”

Ya tattara rigarsa ya taka taya ya hau, ya zauna a kan ayaba, mutane suna kallo. Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai direba. Daga baya ma direban ya daina. Ni kuma ban je na ba da haƙuri ba. Na ce ai mota ce, ba fada ba.

A haka muke har shekarar rikicin zaɓe, lokacin da gari ya rufe. Gas ya ƙare a gidaje, kowa ya koma murhu. Atamfa ta tsaya, doya ta tsaya, abin da ake nema kawai gawayi. Ni ma na koma ɗaukarsa. Daga safe zuwa dokar hana fita, duk wayar da za ta shigo mini maganar gawayi ce.

Matata haifaffiyar Abidjan ce. Ubanta Bahaushe ne, amma makarantar Faransanci ta yi, Hausarta ta tsakar gida ce: gishiri, tsintsiya, ina kwana. In an yi mutuwa, le corps take ce wa mamacin, kamar duk 'yan garin. Gawayi kuwa ta san shi, don kullum tana jin sa a bakina, tana kuma wanke shi a rigata.

Ranar da abin ya faru, da safe ina ƙarƙashin mota ina ɗaure salansa da waya, wayata tana ɗaki tana caji don an kawo wuta. Ta fito ta tsaya a kaina.

“Maigida, an kira daga Treichville. Wani tsoho, yana magana vite vite, da sauri.”

“Me ya ce?”

“Ya ce ka zo da mota gidan grand frère, gidan Yaya. Gawayi, kafin azahar.”

“In kai gawayi, ko in ɗauko gawayi?”

“To su ina za su samu? Ka kai musu mana. Ɗan'uwanka ne fa.”

Ban kira na ji ba. Wannan nake so ya fito a rubuce, don na daɗe ina ɗora wa layi laifi. Wayar tana nan, layin yana nan. Na ce a raina, ashe direba yana da amfani. Mutum ya yi wata da watanni bai neme ni ba, yau murhu ya mutu ya aiko tsoho, ko kiran ma ba zai yi da kansa ba. Na gama ɗaure salansa a tsanake. Na tsaya a Roxy na sha kofi a wajen wani mutumin Gini, har na ƙara. Sannan na je wurin masu gawayi na sa aka cika mini bodin, buhu a kan buhu har ya taɓa tamfol. Na zaɓi mai nauyi, na itace mai kyau. Ina so ya ga yawan, ya ji kunya.

A hanya shingaye ne. Samari da sanduna da tsofaffin tayoyi, su karɓi takardarka su karanta sunan su dube ka. A shingen bakin gada suka ce me ke ƙarƙashin buhunan. Na ce gawayi. Ɗaya ya ɗauko rodi ya bi su yana cakawa ɗaya bayan ɗaya. Garin gawayi ya yi ta zuba cikin bodin. Da irin sunana, na mutanen arewa, ba a gardama a wurin. Ko da na haye gada, an riga an idar da azahar.

Ina karya kwanar layinsu na ga tabarmi a ƙofar gida. Maza zaune da huluna, ba mai magana. Ban gane ba, wallahi ban gane ba. Na yi ribas na daidaita murfin baya da ƙofa, kamar yadda nake yi wa kowane mai kaya.

Tsohon da ya yi wayar maƙwabcin Yaya ne, mutumin Kano, mai sayar da turare. Ya taso da sandarsa.

“Kai, ina ka tsaya? Tun hantsi ake jiranka.” Sai ya leƙa baya. “Wannan mene ne?”

“Gawayin da kuka ce, Baba.”

Ya kalle ni. “Gawa na ce. Gawa! Yayanka ya rasu da asuba. Motar ɗaukar gawa ba ta fita, ba mai mota a layin nan. Gawa na ce wa yarinyar nan!”

Hawan jini ne, maganinsa ya yanke tun da shaguna suka rufe. An yi masa wanka, an sa likkafani, an yi salla ba tare da ni ba don ba a san ko na tsallake shinge ba. Abin da ya rage a kai shi, kuma a dawo kafin dokar hana fita ta la'asar sakaliya. In lokacin ya wuce sai ya kwana a ɗaki cikin zafin nan. Ni kaɗai ne ɗan'uwansa a ƙasar, ni kaɗai ne mai mota, ga motar cike da gawayi.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi. Mutane suka tashi da fararen kayansu suka yi layi, ina miƙo buhu suna karɓa, ana jingina su a zaure. Buhunan da aka huda suna zuba a kafaɗunsu. Liman da kansa ya nannaɗe hannun riga ya ɗauki ɗaya.

Da bodin ya zama fanko sai na ga ƙasan. Baƙi ƙirin, kowane kwari cike. Na share da tsintsiya, ƙura ta tashi ta sake sauka. Famfo bai kawo ruwa ba kwana da kwanaki. Matar Yaya, wadda kullum in ta gan ni sai ta ce ga mijina na biyu mai mota, ta aiko da bokiti biyu, ragowar ruwan da aka yi masa wanka da shi. Na zuba. Garin ya jiƙe ya zama kwaɓi, ya bi kwarurrukan nan ya kwanta. Na sa tsumma, na sa hannu, na sa farce.

Liman ya ce, “Malam, rana tana tafiya. A shimfiɗa tabarmi.”

Aka shimfiɗa uku, ɗaya a kan ɗaya. Aka fito da makara an lulluɓe ta da koren mayafi. Da ƙyar ta shige tsakanin tudun tayoyin, kamar an auna. Tsawon ne bai kai ba. Bodin ya ƙare, makarar ba ta ƙare ba, saura kusan kamu guda. Na sauke murfin baya a kan sarƙoƙinsa, ƙafafun Yaya suka kwanta a kai, a waje. Na ɗauko igiyata na ɗaure makarar a ƙugiyoyi, irin ɗaurin da nake yi wa dila, don ban san wani ba. Igiyar ma baƙa ce.

Mutum shida suka ɗane gefe da gefe suka tsugunna. Liman da tsohon suka shiga gaba. Duk giyar da na canja sai na bugi gwiwar liman, ina cewa a gafarce ni, Malam, yana cewa tuƙa dai. A bayan kujera akwai ɗan gilashi kamar faɗin littafi, ta nan madubi yake kallon bodi. Tun daga Treichville har maƙabartar Koumassi ina ganin koren mayafin yana motsi duk ramin da na faɗa. Sau biyu ke nan na sa shi a baya. Bayan kwana kaɗan na liƙe gilashin da kwali, na koma tuƙi da madubin gefe.

A wani shinge saurayi ya ga baƙin mota ya ce cikin dariya, “Charbon ne, vieux? A bar mana buhun gawayi ɗaya.” Sai ya zagaya ya ga abin da ke kan murfin. Ya ja da baya ya ɗaga sanda.

Mun tarar an haƙa kabarin. Na kwance igiya da hannuna. Aka ce ɗan'uwansa ya shiga ya karɓe shi, na cire takalmi na sauka. Da aka yaye mayafin na ga likkafanin fari fat. Tabarmin sun yi aiki, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na ce alhamdulillahi, wannan dai na tsira.

Aka miƙo shi. Na sa hannun dama a ƙarƙashin kafaɗarsa, na hagu a kan ƙirjinsa, na kwantar da shi ya fuskanci alƙibla. Da na ɗaga hannuna sai ga shi nan. Tafin hannu da yatsu biyar, baƙi, a kan ƙirjin. Na wanke hannu a gida, amma igiyar ta mayar mini, gumi kuma ya jiƙa shi.

Na sa gefen rigata na goge. Ya bazu. Na tofa miyau a yatsa na sake gogewa, ya ƙara faɗi. Mutane suna tsaye a kaina suna kallo. Na ce a ba ni ruwa. Babu, sai na kwaɓa ƙasa, an riga an zuba. Na ce a ba ni ƙyalle, ko hula, ko me.

Liman ya durƙusa a bakin kabarin ya kama wuyan hannuna. “Bari haka. Gawayi ba najasa ba ne. Fito.”

“Malam, a canja masa.”

“Da me? Fito, ɗan'uwa, akwai masu komawa gida da rai.”

Na fito. Aka jera itace a kai, ina kallon baƙin nan ta tsakanin itatuwan har na ƙarshe ya rufe.

Na haye gada saura kaɗan doka ta fara. Matata tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, “Sun ji daɗi?” Na ce Yaya ya rasu. Ta saki rariyar ta yi ihu, ta ce me ya sa tsohon bai faɗa mata ba. Na ce layin ne ba kyau. Har yau haka ta sani, tsohon ma ya riƙe bakinsa har ya mutu.

Kwana bakwai ana zaman makoki, duk abincin da aka dafa a gidan da gawayin nan aka dafa shi. Mutanen da ba su ga zuwana ba suka ɗauka tanadi ne. Ina zaune a tabarma ina jin ana cewa, ka ga ƙane, a wannan marra ya tsallake shingaye ya kawo mota, har da gawayin sadaka. Ranar bakwai matar Yaya ta sa aka kira ni bakin ƙofar ɗakinta. Daga bayan labule ta ce, “Allah ya saka maka. Ka rufa masa asiri.”

Na san abin da na bar masa a ƙirji. Na ce amin.