Jan Ragon Dara

Shin mantawa ya yi, ko kuwa yana sane ya tura ni ga hular nan? Shekara da shekaru ina juya tambayar a raina, ga shi mai ba ni amsa yana kwance a maƙabartar bayan gari. Da ransa na sha tambayarsa. Dariya kawai yake yi.

A babbar sallar farko ne bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato. Muna zaune a ƙauyenmu kusa da Aliero, Malam mijina yana noman albasa. Ɗiyarmu da ke aure a Maiyama ta haihu, sai ta aiko mana da ɗanta na fari, ɗan shekara uku, ya zauna wurinmu har ta yi arba'in. Ni ina ce masa maigidana ƙarami, Malam kuwa mai ƙwacen mata yake kiransa.

Yaron ya zo ne a rame, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Abin da ya dawo masa da walwala shi ne ragon layyarmu. Shi ke kai masa dusa, shi ke sosa masa wuya, har hira suke yi.

Ranar jajibere da hantsi mahaucin unguwarmu ya leƙo, ya dafa gadon bayan ragon ya ce, "Gobe war haka muna cin hanta." Ashe yaron ya gane. Ya je ya naɗe igiyar ragon a hannunsa ya zauna gindin turke. Na kawo koko ya ƙi. Na dama fura ya kau da kai. Har azahar ko ruwa bai sha ba, leɓensa ya bushe. Hankalina ya tashi, don ɗan amana ne, kuma layya ba a fasa ta.

Malam ya dube shi ya ce da ni, "Ki yi mishi wani ragon mana."

Na ce, "Da mi? Haifa mishi zan yi?"

Ya ce, "Ga tsohuwar darata can kife kan tulu." Ya saɓa fartanya ya fice.

Jar dara ce, irin hular nan mai kauri, amma rana da gumi sun cinye janta. A kan ƙaramin tulu yake kife ta don kada ta lotse. Abin da ban sani ba, da ya kai albasa kasuwar Jega ya sayo sabuwa don sallah, ya cusa ta cikin tsohuwar, ta zauna daram kamar tare aka yi su.

Na ninke hular biyu, na zana rago da gawayi, na sa reza. Ina yanka ina nishi, ina cewa ashe shi ya sa dara ke daɗewa, shafi gare ta. Ina gamawa sai ƙyalle huɗu suka zube a cinyata. Biyu koɗaɗɗu, biyu jajir kamar tattasai.

Na yi salati. Na ɗora hannu a ka. Sai kuma dariya ta kama ni, irin wadda ba ta jin rarrashi, har na kwanta a tabarma.

Da la'asar Malam ya shigo. Na ce, "Malam, hula nawa gare ka?"

Ya dubi kan tulu, ya ce, "Biyu."

Na ce, "To yanzu raguna biyu gare ka."

Ya ɗaga jan ƙyallen ya duba gaba da baya. Ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Ke, kin riga liman yanka. Layyarki ba ta yi ba." Muka fashe tare, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Tare muka ɗinka ragunan duka biyu, shi yana zura mini zare. Na farke bakin matashi na ɗebo audugar rimi muka cusa. Ƙafafu na sillen kara, ƙahoni na kaba murɗaɗɗiya, idanu na baƙin zare. Tuntun sabuwar hular ya zama wutsiya. Da muka tsayar da jan, Malam ya ce wannan ubansa kare ne, uwarsa kwaɗo.

Na kai wa yaron gindin turke. Ya harare shi ya ce, "Kaka, wanga ba ya kuka."

Sai ga kukan rago daga bayan rumbu. Malam ne, dattijo da furfura, ya tsuguna yana ta mee, mee, har ragon gaske ya amsa masa. Na danne dariya na ce, "Ka ji? Yunwa yake ji. Kuma ba ya cin komai sai mai shi ya fara ci."

Yaron ya karɓi jan ragon da hannu ɗaya. Na miƙa masa ludayin fura. Ya dubi ludayin, ya dubi hannunsa da ke naɗe da igiya. Da kansa ya warware ta. Ya kurɓa, ya dangwala wa ragon a baki, ya sake kurɓa, har ƙwaryar ta ƙare.

Da safe Malam ya tafi idi cikin farar babbar riga, da malafar gona a kansa. Abokansa suka yi ta tambayarsa ko albasa zai dasa a filin idi. Lokacin yanka na goya yaron muka shiga maƙwabta barka da sallah, yana nuna wa kowa ragonsa. Da muka dawo ya tambayi ina ragon layyar, Malam ya gaya masa gaskiya. Ya yi kukansa kaɗan, sannan ya ci hanta da jan ragon a hammatarsa.

Koɗaɗɗen kuwa Malam ya ce nasa ne. A aljihun farar rigar ya zauna, kuma Malam bai ƙara sayen dara ba har ya bar duniya.

Yanzu ragon yana ƙarƙashin matashina. Ƙaho ɗaya ya cire, in na taɓa shi sai hawaye, ba na ɓoye wa kowa. Ciwon Malam kwana tara ne, cikin damina. Da safiyar na taran ina ba shi kunu, ya ture ludayin a hankali, ya nuna rigar da ke rataye. Idonsa yana dariya, duk da muryar ta tafi. Na kara kunnena a bakinsa, ya ce:

"Ki kula mini da ragona. Kada ki bari a yanka shi."