Ƙamusun Baba Mudi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a ofishinmu da ke Minna, ban taɓa ganin mai taurin kai irin Baba Mudi masinja ba. Ɗan unguwar Limawa ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo kakansa garin. Shi kuwa rabonsa ɗaukar takardu daga wannan tebur zuwa wancan. Ya san haruffan boko, amma Turancin ya gagare shi. Ko tasa takardar ce ta zo, ni nake karanta masa.

A 2002 aka sanar cewa nan gaba duk ƙaramin ma'aikacin da bai ci jarrabawar Turanci ba za a sallame shi. Baba Mudi 'ya'yansa shida, ba gona, ba sana'a. Washegari sai ga shi rungume da wani ƙaton ƙamus na hannu, bangonsa duk ya ci wuya.

"Rhoda, 'yata, an ce duk Turancin duniya yana cikin nan."

"Yana ciki, Baba, amma ba a haka ake koyonsa ba. Ka nemi littafin 'yan firamare."

"Da furfurar tawa? Ni da na yi sauka ina ɗan shekara goma sha huɗu? Littafi daga farko ake kama shi, a bi shi har ƙarshe."

Haka ya kama shi. Kullum kalma biyar. Ya kwafe su a littafin rubutu, ya tambaye ni ma'anarsu, ya rubuta a gefe da ajami, sannan ya zauna a bencinsa yana maimaitawa yana rangaji. Bai yarda ya tsallake ko ɗaya ba, har sunayen tsuntsayen da babu su a ƙasar nan. Na yi faɗa, na yi lallashi, har bakina ya gaji. Wani lokacin ji nake kamar in fizge ƙamusun in jefa a kwata.

Aka yi jarrabawa a 2004, aka ce kowa ya rubuta wasiƙar neman hutu. Baba Mudi ya cika shafi huɗu da kalmomin A da B, kowace da ma'anarta, babu kuskure ko ɗaya. Ya faɗi. Bayan shekara biyu ya sake faɗuwa. Shugabanmu, Oga Tsado, kullum ya wuce sai ya tsokane shi da gurguwar Hausarsa: "Baba, kai ya gama C ne, ko har yanzu yana hanya?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A daminar 2007 ya iso kalmomin da suka fara da "dis". Ya zo teburina fuska ba walwala.

"'Yata, waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne, kuma gidan babu alheri. Wannan rashin jituwa, wannan bala'i, wannan cuta, wannan abin kunya. Allah ya fid da ni daga unguwar nan lafiya."

Na ce amin, ban ɗaga kai ba, domin sunayen waɗanda za a sallama suna cikin aljihun teburina tun safe. Takarda goma sha tara na buga da hannuna. Rabon takardu kuwa aikin masinja ne. Na jera masa su, na sa tasa a ƙarƙashi. Ya hau kekensa ya kai wa ma'aikatan da suke hutu a unguwar Kpakungu nasu, ya sa ta garin Wushishi a mota, ya dawo da la'asar jiƙe sharkaf, da ambulan ɗaya a aljihu.

Ya zauna a bencinsa ya buɗe. Na taso in karanta masa kamar kullum, sai ya ɗaga mini hannu. Yatsansa yana kan babbar kalmar da ke saman takardar.

"Bari, 'yata. Wannan na san ta. Ranar Talata na haddace ta."

Ya karanto mini ma'anoninta uku a jere, yadda suke a ƙamus, ta ƙarshe ita ce raba mutum da aikinsa. Shekara ashirin da shida yana ɗaukar takardu, wannan ce ta farko da ya gane da kansa.

Ya daɗe yana bin sauran layukan da yatsa, leɓensa na motsi.

"Nan ƙasa fa, me suka ce?"

"Godiya suke yi maka, Baba."

Ya ninke takardar, ya sa ta a shafin da ya tsaya, ya rufe ƙamusun.

"Godiya a can gaba take," in ji shi. "Ban kai ba."