Ranar da Baba Ya So Ajiye Rawanin Sarkin Ruwa

Ko zan manta komai a duniya, ban da makon da Baba ya so ajiye sarautarsa ta Sarkin Ruwa. Mu masunta ne. Kakanninmu Sarkawa daga Yawuri suka biyo kifi har suka yada zango a ƙasar Kura. Baba kuwa ba shi da hira sai ta asali. "Jininmu tsantsa ne, ko ɗigo bai gauraya ba," haka yake cewa ko ba a tambaye shi ba.

Wata shekara masu bincike daga jami'a suka zo karɓar yawun masunta, za su gwada ƙwayoyin gadonmu da na dangin da aka baro a Yawuri. Baba ne ya fara miƙa baki. Da suka dawo, wata malama ta yi mana bayani a tsanake: tushe ɗaya ne, amma namu ya bambanta, ya sha auratayya da Fulani da Kanawa. Ni ban ga abin tashin hankali ba. Shi kuwa ya daina fita kamun kifi, ya ce ran Juma'a zai mayar wa dagaci rawaninsa, tunda shi ba cikakken Basarke ba ne.

Inna ta ce, "Malam, uwarka Bafulatanar Bunkure, ni Bakanuwa. Da wa kake so jinin gidan nan ya yi kama, da tarwaɗa?" Ko murmushi bai yi ba. Wallahi ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Ran Alhamis da hantsi sai ga ihu. Saniya ta zame cikin babbar hanyar ruwa, makiyayin ya bi ta, ga shi bai iya iyo ba. Masu dashen shinkafa suka cika gaɓa, kowa sai cewa yake, "A kira Sarkin Ruwa!" Baba ya suri goransa na iyo da igiya, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya kife ciki a kan goran yadda ubansa ya koya masa, ya tari mutumin ta inda ruwa ke gangarawa, ya fito da shi, ya koma ya ɗauro saniyar.

Inna ta miƙa masa busasshiyar riga, ta ce, "To, ruwan ya tambaye ka jini?"

Kashegari ya naɗa rawaninsa ya tafi masallaci, gidan dagaci ko kallo bai ishe shi ba. Tun ranar na gane jini yakan kwashi na hanya kamar ruwan kogi, amma abin da aka koya maka kake amfanar mutane da shi, shi ne asalinka.