Faifan Gwaggo da Buhu Arba'in

Gwaggo ba ta yar da ruɓaɓɓiyar ƙwaya a ƙasa. Sauran masu tsintar masara a injin niƙan da muke aiki sukan wurgar, kaji su tsince. Ita a gwangwani mai murfi take tarawa. Yayar babana ce, shekararta ashirin da biyu a kan faifai, tun rasuwar mijinta. Ni kuma a ɗakin gwaji nake.

Garin abincin yara muke yi. A bana buhu arba'in na masara suka faɗi gwaji, gubar fumfuna ta yi musu yawa. Maigida, wato mai injin niƙan, ya kira wani injiniya da na'urar filasma, wadda ke ratsa iska da lantarki har ta yi haske shuɗi, ta karya gubar ba tare da dafa masarar ba. Niyyarsa a wuce da buhunan ta ciki, a niƙa, a huta da tsinta.

Aka gwada mudu ɗaya. Gubar ta ragu ƙwarai.

"Gwaggo, kishiyar faifanki ta iso," in ji Maigida.

"Barka da zuwanta. Bayana ya gaji dama." Ta juyo gare ni. "'Yar nan, hasken yana shiga har cikin ƙwaya?"

Idanu suka dawo kaina. Da ƙyar na ce a fatar ƙwayar ya fi aiki, in kuma aka daɗe ana haskawa, man masarar kan canza ɗanɗano.

"To abin da ya karye ɗin, me yake zama?" in ji Gwaggo.

Injiniyan bai ɓoye ba. Ya ce alamu sun nuna ƙarfinsa ya ragu sosai, amma ana kan bincike.

Gwaggo ta zaɓi ƙwaya guda a cikin mudun da aka haska, mai ɗan tsagi a gindi, ta fasa da dutse. Cikin ya yi kore. Ta ɗora wa Maigida a tafin hannu.

"Ban ƙi na'urarka ba, tana cire abin da idona ba ya gani. Amma wannan fa? Masu shan garin nan ko haƙori ba su da shi."

Maigida ya dubi koren da ke tafinsa. Ya ce a tsince tukuna, sannan a haska, a sake gwaji buhu-buhu. Buhun da ya sake faɗuwa ba zai ga injin niƙa ba.

Gwaggo ta ja kujerarta zuwa bakin ƙofa inda haske ya fi, ta kwance buhu na farko.