Baba Illa da Matuƙin da Ya Juya

Ku da kuka zauna a Akokan kun san idan Juma'a ta yi, aka sauko daga sallar la'asar, Baba Illa ba ya karɓar sallamar kowa sai ya fito da tele, wato talabijin, ƙarƙashin rumfarsa. Zai cire hularsa ya goge gilashin, ya hura bakin manyeto, na'urar kunna kaset, kamar mai hura garwashi, sannan ya zura kaset ɗinsa guda ɗaya tak da ya mallaka a duniya. Mutumin Tahoua ne, mai walda a kamfanin haƙar yuraniyom har ya yi ritaya. Wani Bafaranshe shugabansa a wurin aiki ne ya bar masa kayan da zai koma gida.

Fim ne tsoho, baƙi da fari, na yaƙin Turawa na farko, lokacin da jiragen sama katako ne da ƙyalle. Da Faransanci ake magana, shi kuwa Baba Faransancinsa bai wuce sunan ƙarafa da zagin shugaban aiki ba. Sai ya raɗa wa matuƙan sunaye da kansa. Akwai Dogo, akwai abokinsa Ɗan Fari. A tsakiyar fim abokan gaba suka yi musu taron dangi a sama, Dogo ya juya jirginsa ya koma gida, aka harbo Ɗan Fari. Duk rigimar unguwarmu ta shekara da shekaru a kan wannan juyawa aka yi ta. Kowa ya ce Dogo matsoraci ne. Baba Illa shi kaɗai ya ce a'a.

Ni Habibu, makanike daga Damagaram, ta nan na shiga hannunsa. Na zo neman ƴarsa Rabi. Kowa dai gudun surukinsa yake yi, ni nawa tabarma ya shimfiɗa mini kusa da ƙafarsa ya ce in zauna in kalla. Na zauna ina zufa, ban iya ɗaga ido ba. Da aka gama ya ce, "To, ɗan Damagaram, mi ka gani? Dogo ya yi daidai?"

Na ga kowa a rumfar yana kallona, na zaci ana son a ji ni namiji ne. Na ce, "Baba, ai gudu ya yi. Ni da ni ne, gara mu mutu tare."

Ya mai da hularsa a ka. "Tashi ka tahi. Ba ni ba ɗiyata mutumin da ke ɗokin mai da ta bazawara."

Juma'a ta zagayo na dawo da sabuwar amsa, na ce na yi tunani, Dogo gwarzo ne. Ya ce ashe ni mai bakin ganga ne, ya sake kora ta. Rabi ta aiko mini cewa idan fim ya hana ta aure, daga ni har Dogo ba za ta yafe mana ba. A zuwa na gaba na gaji, na ce, "Wallahi Baba ban sani ba. Ko jirgin fasinja ban taɓa shiga ba, balle wanda ake harbi."

Sai ya leƙa cikin gida ya ce, "Hadiza, ku fara shiri. Yaron ga ya yi hankali."

Inna Hadiza matarsa ita ma tana da nata ra'ayin. Ta ce fim ɗin da daga farko har ƙarshe ba a ga an dafa abinci ba, ba a ga an yi wanki ba, amma kullum rigunansu fes, ba za ta yarda da shi ba. Amma babban abokin gardamar Baba shi ne Agali, direban babbar mota, mutumin Gugaram, wanda suka san juna tun suna samari. Shi Agali bai ma tsaya ga kiran Dogo matsoraci ba, har jiragen ya ƙaryata.

"Illa, wannan jirgi ƙarya ne," in ji shi. "Zane da itace ba ya tashi. Matata ma yana da zane, ban ga ya tashi ba. Da igiya Nasara ya ɗaure."

Maganar nan ta ci Baba ƙwarai. Ya shige bayan gida ya yi ta walda, ya haɗa jirgi da guntayen ƙarfe da tsohuwar tamfal, fukafukai biyu sama da ƙasa, tsawonsa ya kai ɗan akuya. Ya tara mu, ya hau katanga da tsufansa, ya yi bisimilla ya sake shi. Jirgin ya ɗan yi gaba kamar gaske, sai ya karkace ya dawo cikin gida, ya sauka a kan randar Inna. Ruwa ya malale tsakar gida, Inna ta fito da muciya a hannu.

Agali ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na yarda, Illa. Jirgin Dogo ne. Ka ga shi ma ya juya gida."

Wata guda ba su yi magana ba. Amma kowace Juma'a Agali yana zuwa, ya zauna ya juya wa tele baya, Baba kuma ya miƙa masa shayi yana kallon wani wuri.

Abin da baƙo ba ya sani sai ya kai ƙarshe shi ne, kaset ɗin ba shi da ƙarshe. Washegarin mutuwar Ɗan Fari ana nuna Dogo ya sake hawa jirginsa shi kaɗai, ya ja tabarau, farfela ta fara juyawa, sai kawai wasan ƙwallo ya faɗo. Bafaranshen ne ya ɗora ƙwallonsa a kai. Don haka kowa ya ƙera nasa ƙarshen. Agali ya ce igiyar ce ta tsinke. Yawancinmu muka ce ya je ya mutu don ya wanke kunyarsa. Baba ya ce Dogo ya dawo lafiya, ya tsufa, kuma duk shekara yana kai wa uwar Ɗan Fari hatsi.

Da manyan wayoyi suka zo, ƴata Nana, wadda ke lise, babbar sakandare, a lokacin, ta nemo fim ɗin cikakke. Ta zo masa da murna.

"Angona, na samo maka ƙarshen. Kuma ka san abin da Dogo ya ce da ya sauka? Cewa ya yi mai ne ya ƙare masa, shi ya sa ya juya."

"Amarya, wa ya gaya miki?"

"Ai ga shi yana faɗa da bakinsa, da Faransanci."

"Kunya ce ta sa shi faɗin haka. Ni fuskarsa nike kallo."

Ta miƙa masa wayar, ya ɓoye hannuwansa a bayansa. "Tun ba a haifi uwarki ba... a'a, tun tana goye nike rayar da mutumin ga. Ke za ki zo ki kashe mini shi da waya? Ɗauke abinki."

Muka yi ta dariya. Lokacin rumfar tana cika. Daga baya aka rufe ramin yuraniyom na Akokan, mutane suka watse, wasu suka koma Maradi da Tahoua, samari suka nufi wajen haƙar zinari. Tsofaffin da Baba ya yi aiki da su, wasu tari ya kwantar da su, aka yi ta kai su ɗaya bayan ɗaya. Sai Agali ma ya rasu a hanyar Agadas. Juma'ar da ta biyo bayan sadakar ukunsa, Baba ya fito da tele kamar kullum, amma daga ni sai shi. Aka zo wurin juyawar Dogo. Ya dube ni.

"Habibu, ce mini matsoraci ne."

Na ce, "Baba, matsoraci ne."

"Ba ka iya ba. Agali da zuciya ɗaya yake faɗi." Ya kashe tele tun ba a kai ga ƙwallon ba. Can ya ce, "Mu da muka zo garin ga a mota ɗaya daga Tahoua, ni kaɗai na rage. Kowa wanda ya faɗo yake kallo. Wanda ya sauka lafiya, ba mai tambayarsa yadda ya kwana."

 Sai a ranar na gane ba fim yake karewa ba duk shekarun nan, mu kuwa mun ɗauke shi abin nishaɗin Juma'a. Bai sake fito da tele ba. Kafin damina ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa, Inna Hadiza tana riƙe da hannunsa.

Nana ta kalli ƙarshen ita kaɗai bayan an yi arba'in. Ta fito daga ɗaki idonta ja, ta ce ko in gaya maka, Abba? Na ce a'a, ta bar shi yadda kakanta ya bar shi. Har yau ba ta faɗa wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Baba Illa, ya yafe masa taurin kansa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sada shi da Agali da sauran abokan tafiyarsa a inda ba a rabuwa, mu kuma ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo. Amin.