Hular da na cusa wa Baba a baki

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye mini gemu ba, aka zaɓe ni cikin kwamitin ƙungiyarmu ta manoma. Yawancin 'yan kwamitin 'yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikatan kamfani, ni kaɗai ne hannuna ya yi kanta da fartanya. Sai abin ya shiga kaina. Kowace magana aka kawo, sai na nuna na fi kowa sanin ƙasa.

Muna da gonar ƙungiya can bayan Rido. A shekarar masu garkuwa da mutane sun fara matsowa wajen. Wani dattijo a kwamitin, abokina da muke kira Baba, Kirista ne da ya yi ritaya daga masaƙa, ya ba da shawarar a shuka wake da gyaɗa. Ya ce in shuka ba ta wuce gwiwa ba, mutum zai hango mai zuwa tun daga nesa. Na yi masa dariya a gaban kowa, na ce wanda ya tsufa cikin zare me ya sani a harkar gona? Na dage sai masara, aka kuwa bi ni.

Da masara ta yi goyo, kowa ya noƙe, ba mai son zuwa dubawa. Ciyaman ya ce tunda ni na kawo ta, ni zan je. Abokin nan ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Da hantsi na biya Kudenda na ɗauke shi a babur.

Masara ta yi kyau, ta fi ni tsawo. Muka tura babur ɗin can ciki muka kwantar. Ina tsakiyar gona ina ɓare wata ina cika baki, sai muka ji ƙarar babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Manoma ba sa tafiya haka. Suka tsaya a bakin gona, suka kashe inji.

Ban san sanda na kwanta ruf da ciki a kwarin kunya ba. Ta tsakanin kara na hango ƙafafu, da bakin bindiga yana lilo. Suna karyar masararmu suna hira, wani yana cewa a nemo itace. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Addu'ar da na haddace tun ina yaro ta ɓace mini. Ba abin da nake gani sai matata, da wayar da za a kira ta.

Sai na ji kafaɗar abokina, da ke kwance kusa da ni, tana rawa. Yana da tsohon tari da ƙurar auduga ta bar masa, in ya taso har maƙwabta sai sun ji. Idonsa ya yi ja, hawaye na zuba. Ya kawo baki daidai kunnena.

"Malam, ja jiki ka tafi. Ba zan iya riƙe shi ba."

"Baba, ba inda za ni."

Ba jarumta ba ce, ƙafafuna ne suka ƙi. Na cire hulata na dunƙule na cusa masa a baki, na danne kansa a ƙirjina. Ya yi ta tari cikin hular, jikinsa na girgiza nawa, ni kuwa ina jiran jin taku ya nufo mu. Muna nan cinnaka na cizonmu, ƙamshin gasasshiyar masara na iso mana, har rana ta karkata. Da suka ƙoshi suka tada baburansu suka wuce. Ko da ƙarar ta ɓace, mun daɗe ba mu iya tashi ba.

A zaman kwamiti na gaba, Ciyaman ya ce to ga shi nan, masarar Malam ce ta ɓoye su, baɗi ma a maimaita. Kowa ya juyo yana jiran in yi taƙama. Na ce a shuka wake. Na gaya musu yadda mutanen nan ba su gan mu ba, haka mu ma ba za mu gan su ba da sun riga mu shiga, kuma ranar girbi matanmu da 'ya'yanmu ne za su kutsa cikin karan nan.

Har yau in na wuce gonar da shukarta ta fi ni tsawo sai gabana ya faɗi. Abokina kuwa ya ƙi maido mini hular, wai ya riga ya ci rabinta. Duk zaman kwamiti tana aljihunsa. Da na fara ɗaga murya, sai ya fito da ita ya ajiye kan tebur. Ni kuwa sai in sassauta murya.